Abin da Na Gani a Gonar Kawu

Kwana biyar aka yi ana zaman makokin Kawu a Angwan Iya da ke Keffi kafin ranar biso, wato ranar binne shi, kuma a duk kwanakin nan ban zauna a tsakar gida ba ko sau ɗaya. Ina ɗakin Mama, matarsa, a bayan ƙofa, na lulluɓa da zanenta ko da rana ta take. Ta taga nake kallon masu zuwa gaisuwa.

Wata mai sayar da doya ta taso tun daga Garaku. Daga bakin layi ta fara kuka, ta shigo hannu biyu a ka tana cewa, "Wayyo Ticha! Wayyo Baba Soshiyal! Wa zai sake tare ni a tsakiyar kasuwa ya tambaye ni babban birnin Kamaru?" Mata suka yi dariya da hawaye a ido, ita ma ta yi, sannan ta zube a gaban Mama ta ci gaba da kukanta. Wani mutum mai kwat ya zo daga Abuja da direbansa. Ya gaisa da manya tsaf, kamar ba abin da ya taɓa shi. Da zai tafi sai ya tsuguna a bakin ƙofa, ya sa yatsa a ƙasa ya zana taswirar Najeriya, ya jawo Neja ta wannan gefe, ya jawo Binuwai ta wancan, ya haɗa su a Lakwaja. Ya ce, "Haka ya koya mana." Direban ne ya kama hannunsa ya tashe shi. Alhaji mai shago, maƙwabcinmu, ya aiko da tabarmi da buhunan ruwa, ya zo da kansa ya zauna a benci ɗaya da dattawan coci. Kullum yana zuwa, kuma kullum maganarsa ɗaya ce: "Mutumin kirki ne. Allah ya ba ku haƙuri."

Matan zumunta na coci suna waƙa da tulu da caki. Amma a waje, a gindin mangwaro, akwai samarin da ba sa waƙa. Sun kewaye Yaya, babban ɗan Kawu, wanda yake aikin gini a Abuja. Magana suke yi ƙasa-ƙasa, in babba ya gitta su yi shiru. Babu wanda bai san zancensu ba a gidan: a bari a binne tsoho tukuna, sannan a je rugar Baffa, makiyayin da yake zaune kusa da gonarmu.

Duk wadda ta shigo ɗakin sai ta dafa kaina ta ce, "Sannu 'yata. Ke kika gani da idonki, sannu." Ni kuwa sai in ƙara jan zane in rufe fuska. Domin ni ce na fito bakin kwalta da gudu ranar nan ina ihu cewa Baffa ya kashe Kawu da sanda. Kuma ba haka aka yi ba.

Ina wannan rubutu ne don kada a manta da Kawu, kuma don kada a riƙa tuna shi da maganar da ta fito daga bakina. Ku yi mini haƙuri in na yi gaba na dawo baya.

Kawu yayan Innata ne. Sama da shekara talatin ya yi yana koyar da darasin zamantakewa a sakandare, wanda mu 'yan makaranta muke kira Soshiyal, har sunan ya bi shi kasuwa da coci. Da mahaifina ya rasu ina aji shida na firamare, shi ya je ƙauye ya ɗauko ni a bayan tsohon babur ɗinsa, da 'yar jakata a tsakaninmu. Bai ce mini in yi haƙuri ba, bai yi mini wa'azi ba. Tambayoyi ya yi ta jefo mini. "Rana tana gabanki ko bayanki? To da safe ne yanzu ko da yamma? Ina muka dosa ke nan?" Kafin mu shigo Keffi na san gabas da yamma, na kuma daina kuka ban san lokacin da na daina ba.

Haka yake da kowa. Mai faci, mai kitso, fasto, duk wanda ya tsaya kusa da shi minti biyar sai ya amsa tambaya. Yana da wata magana da yake ji da ita, duk baƙon da ya zo gidan sai ya ji ta: "Ni da kake gani na zauna a Jihar Arewa, na zauna a Binuwai-Filato, na zauna a Filato, yanzu ga ni a Nasarawa, kuma ban taɓa matsar da gadona ba." Mama kuwa daga madafa sai ta ce, "Ai ya kamata a matsar da shi ko sau ɗaya, a share ƙarƙashinsa." Shekara da shekaru suna wannan, shi bai gaji da faɗa ba, ita ba ta gaji da ramawa ba.

A aji ba ya son bango. Sau da yawa shugaban makaranta ya kira shi ofis saboda ya kwashe mu ya fita da mu. Yakan jera mu a gefen kwaltar da ta nufi Abuja, nesa kaɗan da motoci, ya ce, "Kada ku rubuta komai. Ku duba me ke tafiya, me ke dawowa." Mu yi ta kallo. Tifa cike da yashi, doya, gawayi, katako, motocin haya maƙil da mutane. Masu dawowa kuwa tifa ce babu komai a ciki, sai lemon kwalba da siminti. Sai ya ce, "Lokacin da nake saurayi wurin nan da kuke mafarkin zuwa gonakin Gbagyi ne. Yanzu yana cin yashinmu, yana cin doyarmu, yana cin yayyenku. To me yake ba mu?" Wata ƙawata ta ɗaga hannu ta ce, "Ticha, yana ba mu masu hayar ɗaki." Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau, ya miƙa mata alli ya ce, "Gobe ke za ki koyar, ni zan zauna a benci." Kuma ya zauna.

Akwai darasi ɗaya da nake so in manta na kasa. Muna aji uku, yana cikin bayanin yadda ake sanin tarihi, sai wata mai tallan gyaɗa ta shigo ajin kai tsaye, ta fizge hularsa ta fita da gudu. Aji ya kaure. Shi kuwa ya ce, "Ku zauna. Kowa ya rubuta abin da ya faru." Muka rubuta. Da ya karanta mana, wani ya ce ta mare shi. Wani ya ce su biyu ne. Wata ta ce da wuƙa a hannunta. Sai ga mai gyaɗar ta dawo da hular tana dariya, ashe shi ya shirya da ita. Ya raba allo gida uku, ya rubuta: na gani, na ji, na zata. Ya ce, "Yawancin faɗan da za ku karanta a littafin nan, wani ne ya ɗauki na uku ya sa a gidan na farko." Ranar nan ni na fi kowa maki. Ya ɗaga takardata ya nuna wa aji, bai ce 'yarsa ba ce, amma na ga yadda ya gyara tsayuwa.

Yanzu sai in faɗi yadda suke da Baffa.

Kawu yana da gona a bayan gari, wadda ya gada daga kakanmu. Ta gefenta burtali ya wuce, hanyar da shanu suke bi zuwa ruwa. Al'ada ce tun zamanin kakanmu, in an gama girbi mai gona ya je da kansa ya buɗe wa makiyayi gona. Shanu su ci kara da harawa, su kwana a wurin, su bar taki. Ba takarda, ba shaida. Mai gona ya tsaya a bakin gonarsa ya ce, "Na buɗe," makiyayi ya ce, "Na gode," shi ke nan. Amma kafin a faɗi wannan kalma, ko ganye ɗaya saniya ba ta da ikon taɓawa.

Wata shekara shanun Baffa suka riga kalmar. Suka faɗa gonar dawa tana tsaye, suka cinye kusurwa guda. Ban taɓa ganin Kawu ya fusata haka ba. Ya je rugar a tsaye, ya ƙi zama a tabarmar da aka shimfiɗa masa, ya ƙi nonon da Dada matar Baffa ta kawo. Baffa ya ce, "Ticha, laifina ne. Ka faɗi abin da za ka karɓa, ko maraƙi ne." Kawu ya ce, "Ba na son maraƙinka. Ranar Laraba ƙarfe goma ka zo makaranta."

Baffa ya zo, da malfarsa da sandarsa, fuskarsa kamar wanda za a yanke wa hukunci. Kawu ya tsayar da shi a gabanmu ya ce, "Ga malaminku na yau. Zai gaya muku hanyar da saniya take bi daga nan in rani ya yi." Ya miƙa masa alli. Baffa ya juya allin a hannu ya ce, "Ticha, wannan ci ake yi ko shafawa?" Muka fashe da dariya. Sai ya fita da mu fili, ya sa sandarsa a ƙasa ya fara ja. Ga Keffi. Ga rafin da ba ya ƙafewa. Ga inda ake kwana. Ga inda ƙudan tsando yake, ba a tsayawa. Ga Panda. Ga inda dā hanya ce, yanzu an yi katanga, sai an zagaya. Ya kira sunayen rafuka da duwatsun da babu su a littafinmu. Har aka buga ƙararrawa ba wanda ya motsa. Kawu yana gefe da littafinsa yana kwafa kamar ɗan aji ɗaya. Da aka gama ya ce, "Mai sanda, mun rabu lafiya." Baffa ya ce, "Wallahi Ticha, da ka karɓi maraƙin da ya fi mini sauƙi."

Tun daga ranar Kawu ya ɗauki wata ɗabi'a. Duk shekara ranar buɗe gona sai ya tafi da igiya ya auna faɗin burtalin, ya rubuta. Kuma duk shekara sai ya dawo ya ce ya ragu.

A kan gonar nan ne suka saɓa da Yaya. Mutanen Abuja sun saye gonakin da ke kewaye da mu, an yanka su filoti-filoti, an kafa ƙananan turakun siminti. Yaya ya zo da wasu masu saye har gida. Kawu ya ba su kujeru, ya ba su ruwa, ya yi musu bayanin burtali na kusan awa guda har suka tashi da kansu. Yaya ya ce, "Baba, kai ka gama rayuwarka da alli da babur. Mu kashin shanu za ka bar mana?" Kawu ya ce, "In na mutu ka sayar. Amma ka fara zuwa ka gaya wa mai sanda da bakinka." Yaya ya buga ƙofa ya koma Abuja. Wannan ce magana ta ƙarshe a tsakaninsu. Ina faɗin haka ne don a fahimci Yaya, ba don a zage shi ba. Mutumin da ya rabu da ubansa a kan buga ƙofa, in aka ce masa ga wanda ya kashe uban, zai riƙe maganar da hannu biyu.

Ranar da abin ya faru Talata ce da safe, an gama yankan dawa. Kawu ya ce in raka shi buɗe gona. Mama ta biyo shi har ƙofa da maganin hawan jininsa, ya ce in ya dawo zai sha. Muka ajiye babur a gindin ɗorawa domin ba ya shiga hanyar, muka taka da ƙafa. Mun tarar Baffa yana jira da garkensa a bakin gona, shanun suna ta tura juna, sun ga kara. Suka gaisa yadda suka saba.

"Mai sanda, bana ma ba ka mutu ba?"

"Ina jira ka riga ni, Ticha, ka auna mini hanyar."

Sai Kawu ya lalubi kafaɗarsa ya ce ya bar igiya a kan babur, in koma in ɗauko, in haɗo da gorar ruwa domin kansa yana ɗan sara. Na tafi.

Da nake dawowa, gonar maƙwabci ce a tsakanina da su, ba a yanke dawarta ba, ta fi ni tsayi. Na ji shanu suna kuka, na ji ihu. Na leƙa ta tsakanin kara. Ban ga farar hular Kawu ba. Na ga bayan shanu sun cunkushe wuri ɗaya, na ga Baffa a tsakiyarsu ya sunkuya, sandarsa tana tashi tana sauka, tana tashi tana sauka. A makon nan kuwa ba abin da nake yi sai kallon hotunan da ake turawa a waya, na abubuwan da aka ce sun faru a wasu garuruwa. Na yar da igiya da gora na juya da gudu.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba har kwana biyar. Kafin in kai kwalta na riga na fara sani. Ni na san ƙarar sanda a jikin saniya, tun ina ƙauye na san ta, kuma ita na ji. Kuma abin da Baffa yake faɗa da ƙarfi shi ne, "Ticha! Ticha, tashi!" Amma bakina ya riga ya fara ihu, 'yan acaɓa sun tsaya, mata sun ajiye kaya, kowa yana tambayata wa, wa, wa. Na faɗi sunansa.

Abin da ya faru, yadda na ji daga baya, shi ne, Kawu ya ce "Na buɗe," shanu suka danno, a daidai lokacin ya yanke jiki ya faɗi a mashigar gonar, goshinsa ya bugi dutse. Baffa ya tsaya a kansa, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, yana dukan shanunsa don kada su taka shi. Baffa da ko tsawa ba ya yi musu, da suna yake kiran kowace.

Waɗanda suka ruga sun gamu da shi a hanya ya goyo Kawu a baya, jini ya ɓata masa riga. Suka sauke Kawu, suka rufe Baffa da duka har suka karya masa hannun hagu. Wasu dattawa masu dawowa daga gona ne suka shiga tsakani. Kawu bai kai asibiti da rai ba. 'Yan sanda sun tsare Baffa, sun zo gida su ji daga bakina, na kasa cewa komai sai kuka. Da likita ya ce jijiyar jini ce ta fashe a kan Kawu sai suka sake shi. Wannan sakin kuwa shi ya ƙara tunzura samarin gindin mangwaro.

Ana gobe biso, da la'asar, Mama ta dawo daga asibiti, inda ta kai kayan da za a sa wa gawar Kawu. Ta shigo ta tura ƙofa, ta zauna a bakin gado. Ba ta kalle ni ba.

Ta ce, "Na duba jikin mijina daga kai har ƙafa. Rauni ɗaya ne, a goshi. Sanda ba ta barin mutum haka."

Na ja zane na rufe fuska.

"Na gaya wa yayanki. Ya ce likita bai je gona ba, ni ma ban je ba, ƙanwarsa ce ta je." Sai ta juyo. "'Yata, a rugar nan akwai jarirai. Ba zan tilasta miki ba. Amma ni ba ni da bakin da zai kashe wannan wuta, ke kike da shi."

Na ce, "Mama, za su kashe ni."

Ta ce, "Sai dai su fara da ni."

Washegari coci ya cika har waje. An kawo lokacin da iyali suke faɗin abin da suka sani game da mamaci. Yaya ya yi magana, gajeriya, ya ce jinin ubansa ba zai tafi a banza ba, daga bayan coci aka amsa masa. Fasto yana shirin ci gaba sai Mama ta miƙe, ta kama wuyan hannuna ta kai ni gaba. Akwatin yana dama da ni, da hannu zan iya taɓa shi. Fasto ya miƙo mini makirfon.

Na ce, "Ni ce na ce Baffa ya kashe Kawu." Na tsaya. "Ban gani ba. Na ga sanda, ban ga inda take sauka ba. Shanu yake duka. Na ji yana cewa Ticha ya tashi. Na ji, na sani, na ci gaba da gudu."

Coci ya ɗauki guna-guni. Yaya ya miƙe ya ce, "Wa ya tsorata ki? Faɗi, wa ya zo wurinki?"

Na ce, "Ba kowa, Yaya. Tsoron ranar nan na ji shi. Shi ne ya yi magana."

Wata daga cikin matan ta ce, "Kai, yarinyar nan!" Wani daga baya ya ce an saye ni. Sai mai doyar nan ta Garaku ta juya ta ce masa, "Rufe mana baki! Kai a wane aji ka tsaya?" Mama ta karɓi makirfon ta ce, "Duk wanda ya taka hanyar rugar nan da sunan mijina, kada ya sake taka ƙofar gidana." Yaya ya daɗe a tsaye. Daga baya ya zauna, ya kifa kansa a kan gwiwa, kafaɗunsa suna rawa. Tun da aka yi rasuwar sai a lokacin ya yi kuka.

Aka binne Kawu. Ba a je ruga ba. Amma ba kowa ne ya yarda da ni ba, har yau akwai waɗanda in na gaishe su a layi sai su kau da kai, wasu don na yi ƙarya, wasu don na janye ta.

Bayan kwana biyu muka je rugar, ni da Mama. Mun makara. An riga an kwance bukkoki, shanu sun yi gaba tun asuba, Dada tana ɗaure ƙoran nononta a cikin zane. Da ta gan ni ta tsaya da ɗaurin. Baffa yana zaune a kan turmi, maɗori ya ɗaure masa hannu da tsinken kara, idonsa ɗaya bai gama buɗewa ba.

Na durƙusa.

Ya ce, "'Yar Ticha, tashi, ƙasa da ƙaya."

Mama ta ce, "Baffa, ya riga ya buɗe maka gonar kafin ya faɗi. A buɗe take. Ku zauna."

Ya girgiza kai. "Na gode, uwar gida. Ni zan iya zama. Amma jikokina tun ranar ba sa barci, ko akuya ta motsa sai su tashi. Za mu yi wajen Panda. Baɗi, in da rai, a gani."

Sai ya dube ni da idon nan ɗaya. "Ya yi magana fa, a bayana. Sau ɗaya."

Na ce, "Me ya ce?"

"Ya ce, 'Mai sanda, yarinyar nan ta yi kwalta da gudu. Ka kira ta, ba ta duba hanya.' Na ce to. Amma da na sauke shi in bi ki, da wa zai ɗauke shi?"

Dada ta ɗora kayanta a ka. Baffa ya miƙe da kyar, ya nemi saɓa sandarsa a kafaɗa yadda ya saba, hannun ya ƙi ɗaguwa, sai ya riƙe ta a ƙasa kamar tsoho. Muka tsaya har suka shige burtalin.

Allah ya ba Kawu hutu a wurinsa, ya saka masa da alherin da ya yi wa 'ya'yan mutane, ya riƙe Mama, ya sanyaya zuciyar Yaya. Ni kuma ku sa ni a addu'a.

Yaya bai sayar da gonar ba tukuna, bai kuma ce ba zai sayar ba. Karan dawa yana nan a zube, babu saniyar da ta taɓa shi. Duk wanda ya karanta wannan, in ya taɓa jin cewa makiyayi ne ya kashe Ticha a Keffi, daga bakina maganar ta fito, kuma ba gaskiya ba ce. In kuwa hanya ta kai waninku wajen Panda, ya ga dattijo mai malfa da hannun hagu ba ya miƙewa, don Allah ya gaishe shi. Ya ce masa gonar Ticha ba a rufe ta ba.